Na Fara da Sanda Ba Faifai

Litinin, 3 ga Fabrairu

Bayana ya riƙe yau. A kwance nake wannan rubutu, shi ya sa layukan suka karkace kamar askin ɗan koyo.

Da safe ne. Na sunkuya zan ɗauki Auta daga gado in ɗora ta a kekenta, kamar yadda nake yi kullum tun hatsarin motar da ya kashe mata ƙafafu. Hannu ɗaya a bayanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta. Na ɗago ta ke nan sai na ji kamar an caka mini almakashi a ƙugu. Gwiwata ta sage. Abin da kawai ya zo mini a rai, shi ke nan, yau zan yar da 'yata a ƙasa.

Ban yar da ita ba. Ko in ce, ba ta yarda ta faɗi ba. Ta miƙa hannu ta cafke ƙarfen kan gado, ta rataye a jikinsa, ta sauke kanta a bakin katifa a hankali. Ni ne na zube. Ina ƙasa, tana sama tana leƙo ni. "Baba, kar ka motsa. Mama! Zo ki ga mijinki."

Shekararta ashirin da huɗu. Ni ina dab da sittin. Ban taɓa ajiye waɗannan biyun kusa da juna na dube su ba sai yau da nake kallon silin.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Likita ya ce ba abin da ya karye. Wai rabin rayuwata na yi a rankwafe a kan kawunan mutane, naman bayana ya saki. Ya ce in daina ɗaukar nauyi. Na ce masa nauyin guda ɗaya ne, kuma ni na haife shi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya tura ni ɗakin motsa jiki na bayan asibiti.

Ashe wurin da Auta ke zuwa ne. Ni nake sauke ta a ƙofa in wuce shagon aski, ban taɓa leƙawa ba. A tunanina tausa ake mata da ɗan miƙe-miƙe.

Na tambayi uwarta yadda suke yi da safe yanzu da ba na iya ɗaukarta. Ta ce in sha maganina.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na shiga.

Dogon ɗaki ne, ƙasa a shimfiɗe da baƙar roba, bango guda duk madubi. Warin gumi da na man zafi. Fankoki biyu, ɗaya ta mutu. Faifan ƙarfe manya da ƙanana a jingine da bango. Wani dattijo yana koyon tafiya tsakanin ƙarafa biyu, matarsa na ƙirga masa.

Tun da bayana ya riƙe, yaran maƙwabta ke sa mini Auta a mota, ma'aikatan wurin su sauke ta. Ta riga ni shiga don na tsaya neman wurin ajiye mota. Na duba na ga kekenta ba kowa a kai, yana can gefe shi kaɗai. Sai na hango ta. Tana kife a kan wani dogon benci mai tsayi, an ɗaure ƙugunta da ɗamara don kada ta zame, hannuwanta a sake ta ƙasa. A ƙarƙashin bencin akwai sandar ƙarfe da manyan faifai a kowane gefe. Ta kama. Ta ja numfashi. Ta janyo sandar sama har ta bugi cikin bencin, ƙwas. Ta sauke a hankali. Ta sake.

Subhanallah.

Aikina kallon ƙeyar mutane ne da kafaɗunsu. Na san bayan lebura, na san na ɗan kokawa, na san na mutumin ofis. Ban taɓa ganin baya yana aiki irin haka ba. Ta cikin rigarta ina ganin allunan kafaɗarta suna haɗuwa suna rabuwa kamar ƙofa mai ganye biyu. Ba nishi, ba fisga. Ƙwas, ƙwas, kamar agogo. Yarinyar da nake ɗauka kamar ƙwai. Yarinyar da ba na bari ta ɗauki butar shayi.

Ban san bakina a buɗe yake ba sai da wata mata ta tsaya kusa da ni. Gajeriya, furfura ta leƙo ta gaban ɗankwalinta, magana ƙasa-ƙasa. Ita ce mai horar da su, kowa Koci yake ce mata. "Kai ne Baban Auta. Kullum bayan motarka muke gani."

Ta ce abin da Auta ke yi sunansa tuƙi, don ya yi kama da mai tuƙa kwale-kwale, kuma shi ne maganin irin bayana. Amma ni a tsaye zan yi, a sunkuye. Na ce to, na nufi wata sanda mai faifai. Ta ce a'a. Ta shiga lungu ta fito da sandar tsintsiya, ta katako, ta miƙo mini.

Na zaci wasa ne. Ba ta yi dariya ba. Auta ce ta yi, har bencin na girgiza.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Sandar tsintsiya kuma. Yau ba a hannu ba, a baya. Koci ta ɗora mini ita a tsaye: ta taɓa ƙeya, ta taɓa tsakanin kafaɗu, ta taɓa ƙarshen ƙugu. Ta ce in sunkuya ba tare da sandar ta rabu da ko ɗaya daga cikin wuraren nan uku ba. Na sunkuya, ta rabu da biyu.

"Ba da baya ake sunkuyawa ba, da ƙugu ne. Ka ɗauka hannuwanka cike suke da kaya, za ka rufe ƙofar mota da mazaunanka."

Na tura ƙugu baya, na ɗan lanƙwasa gwiwa. Sai na ji bayan cinyoyina sun ɗaure kamar igiya, bayana kuwa shiru, ba ya cewa komai. Tun ina yaro nake sunkuyawa, ashe ban iya ba.

Na yi kuskuren ba Dogo labari a shago. Kujerarsa na kusa da tawa tun muna da baƙin gashi. Ya ce wa duk wanda ya shigo aski yau asibiti sun ɗauke ni aikin shara.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Yau aka zaɓar mini nauyi. Zan rubuta yadda aka yi don kada in manta.

Ta fara ba ni ƙaramar sanda mai kilo goma. Ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, hannuwa a ɗan wajen gwiwoyi, ƙugu baya, ido a ƙasa ɗan gaba da yatsu. Ta ce in cika cikina da iska in ɗaure shi kamar wanda za a nausa. Sannan in janyo sandar zuwa cibiya, ba ƙirji ba, gwiwar hannu na bin haƙarƙari tana wucewa baya. Na yi goma. Kamar ban riƙe komai ba.

Ta ba ni babbar sandar, kilo ashirin, ba faifai ko ɗaya. Na yi goma. Na ji ta, amma da sauran ƙarfi.

Ta sa faifan kilo biyar-biyar. Na farko lafiya, na biyu lafiya. Ina murna a raina. A na shida na ji kaina yana ɗagowa. A na bakwai na ɗan fisga da ƙugu don sandar ta iso. Ta ce, "Ajiye." Na ce ai zan iya kai goma. Ta ce ta sani, kowa zai iya kai goma in ya yarda ya yi ƙarya da jikinsa.

Ta zare faifan da hannunta. Maganarta, yadda na riƙe ta: nauyinka shi ne wanda za ka ja sau goma, na goman ya yi kama da na farko, kuma ka ajiye kana jin da sauran biyu a jikinka. In ka fara miƙewa, ko fisga, ko bayanka ya gantsare ko ya dunƙule, ba naka ba ne tukuna.

Ke nan nawa sanda ce tsirara. A gefena wata tsohuwa da aka sauya wa ƙashin ƙugu tana jan tata da faifai.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Wurare suna mini ciwo waɗanda ban san akwai nama a cikinsu ba. Amma ba irin ciwon ran nan ba ne. Wannan kamar gaisuwa yake.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Shago cike. Ina gyara wa wani direba gemu sai na tsinci kaina na tura ƙugu baya, baya a miƙe, maimakon rankwafawar da na saba. Dogo ya hango ta madubi. "Malam, aski kake ko ƙwai za ka saka?" Har direban ya kusa yankuwa don dariya.

Su yi ta yi. Na tashi aiki ban riƙe ƙugu ba.

Litinin, 3 ga Maris

Har yanzu sanda ba faifai. Koci ta ce saukewar ta fi janyowar muhimmanci, in daina sakinta kamar ta ƙona ni. In matse allunan kafaɗa a sama kamar na riƙe alƙalami a tsakaninsu, in ɗan tsaya, sannan in sauke ina ƙirga uku.

Da muke hutawa na tambaye ta nawa ne Auta take ja. Ta ce hamsin. Na ce kilo? Ta ce ba dai buhu ba.

Sai ta ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Ranar da aka fara kawo Auta, ko zama ba ta iya yi ba tare da an tare ta ba, sai ta kife gefe kamar jaririya. Da sandar tsintsiyar nan ta fara, ita wannan ɗin da aka ba ni. Ta yi watanni kafin a ba ta ƙarfe. Ba ta taɓa roƙon a ƙara mata nauyi kafin lokaci ba, kuma ba ta taɓa fashi ba sai ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita.

Duk wannan yana faruwa a bayan ƙofar da nake sauke ta. Ni ina can ina ba mutane labarin 'yata marar lafiya, suna cewa Allah ya ba ta sauƙi.

Na juya na dube ta. Tana shafa alli a tafin hannu, tana gardamar ƙwallo da wani mai ƙafar roba. Tafin hannunta duk kanta. Yaushe ya yi haka? Kullum yana wuyana in na ɗauke ta, ban taɓa ji ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na yi wauta.

Tun jiya nake wani tunani: nauyin jikin Auta ya haura kilo hamsin, ni ina wasa da ashirin. A wannan tafiyar sai yaushe zan koma ɗaukarta? Koci tana can ƙarshen ɗaki da dattijon nan mai koyon tafiya. Na lallaɓa na zura wa sandar faifan kilo goma-goma.

Na farko ya taso da ƙyar. Na biyu na miƙe rabi na fisgo shi da dukan jikina. Na ga kaina a madubi, baya a dunƙule kamar kyanwar da ta ga kare, wuya a sanƙare. Na uku...

"Baba. Ajiye."

Ba ta ɗaga murya ba. Amma ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Na ajiye. Ƙugu ya ɗan yi mini tsiii, gargaɗi kawai, Allah ya rufa asiri. Koci ta zo ta zare faifan, ta koma wurin dattijon. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

A hanyar gida ina tuƙi, Auta na gefena, har muka wuce shataletale. Sannan ta ce, "Saurin me kake yi?" Na ce saurinki. Ta juya tana kallon taga.

Asabar, 8 ga Maris

Muna karyawa ta faɗa. Wani kamfanin buga littattafai ya ɗauke ta aikin tsara shafuka, aikin da ta koya a kwamfuta. Ba a garin nan ba, tafiyar rabin yini ce. Za ta zauna da wata ƙawarta ta makaranta a ɗaki na ƙasa, ba matakala. Tsakiyar watan gobe za ta fara.

Na dubi uwarta. Tana ta shafa wa burodi man da ta riga ta shafa. Ta sani ke nan.

Na ce ba inda za ta. Na ce wa zai ɗauke ta daga gado, wa zai sa ta a mota, in ta faɗi wa zai ɗaga ta, ƙawar tata ce ko masu buga littafin? Na faɗi wasu abubuwan da ba sai na rubuta ba. Auta ta juya kekenta ta shige ɗaki.

Uwarta ta tattara kofuna. A bakin ƙofar kicin ta tsaya. "Baban Auta, wata guda ke nan ba ka ɗauke ta ba. Wa kake zaton yake ɗaukarta? Ni da wannan gwiwar tawa?"

Na zaci yayarta ce ke zuwa da sassafe. Ban dai taɓa ganinta ba. Ban tambaya ba.

Litinin, 10 ga Maris

Ban je ba. Na sauke ta a ƙofa na wuce shago kamar da.

Alhamis, 13 ga Maris

Ba ma magana sai gaisuwa. Na yi wa wani yaro askin da uwarsa ba ta ce ba, sai da Dogo ya karɓi injin ya gyara.

Litinin, 17 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Na koma don baya ya fara tsami. Na gama zagaye na biyu ina goge fuska, sai na ji Auta ta ce, "Koci, yau zan yi na ƙasa." Koci ta dube ta, ta dube ni, ta ce to.

Ta tuƙa kekenta zuwa tsakiyar ɗaki, ta danne birki. Ta zame zuwa bakin kujerar, ta dafa ƙasa da hannu ɗaya, ta sulale. Kafin in ƙifta ido 'yata tana zaune a kan robar ƙasa, ƙafafunta a yashe gefe guda kamar ba nata ba. Na yar da tawul na zabura. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Koci ce. Matar nan ba ta kai kafaɗata ba, amma riƙon kamar an ɗaure ni a jikin turke. "Tsaya nan, Baba. Kallo aka gayyace ka."

Auta ta kamo ƙafafunta da hannu ɗaya bayan ɗaya, ta lanƙwasa su, ta jera tafukan a ƙasa, ta tokare gwiwoyin da haɓarta don kada su baje. Ta matsa har gefenta ya jingina da gaban keken. Hannu ɗaya ta dunƙule a ƙasa, ɗaya ta ɗora a kan kujerar. Ta sunkuyar da kai ƙasa sosai. Na ga ta cika cikinta da iska, irin yadda ake koya mini.

Ta taso. Ƙugunta ya bar ƙasa, ya yi sama, ya kai bakin kujerar, ya goge shi, bai hau ba. Ta dawo ƙasa, dam.

Wallahi na ji faɗuwar a haƙorana. Na ce wa Koci ta sake ni. Ta ce, "Ƙafar hagu ce ta zame. Ta sani." Ba wanda ya motsa a ɗakin. Mai ƙafar roba ko juyowa bai yi ba, yana ta abinsa, kamar wanda ya saba gani.

Auta ta gyara ƙafar. Ta share tafinta a riga. Ta sake dunƙule hannu, ta sake sunkuyar da kai. Wannan karon na ga komai a hankali: jijiyar wuyanta, kafaɗar nan ta buɗe, bayan nan duka ya taru wuri ɗaya, sai ga mutum sukutum ta tashi daga ƙasa a kan hannuwa biyu, ta yi lilo, ta sauka a kan kujera. Ta ɗaga ƙafafunta ta ɗora a matakinsu. Ta gyara ɗankwali. Ta saki birki.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Na ga haihuwarta, na ga ranar da ta fara tafiya ta kama ƙafar kujerar askina. Wannan ya fi. Wancan kowane yaro yana yi.

Ban san lokacin da Koci ta sake ni ba. Na samu kaina a zaune a kan benci ina ta maimaita sunan Allah.

A mota na ce tun yaushe. Ta ce na gado da na mota ta fi shekara da iyawa, na ƙasan ne bai daɗe ba. Na ce me ya hana ki faɗa mini? Ta daɗe tana wasa da zaren rigarta.

"Kullum da safe kana shigowa kana naɗe hannun riga, kana cewa ina fasinjata. Ta ina zan fara, Baba?"

Sai da na faka a gefen titi. Na ce mata injin ne ya yi zafi.

Talata, 18 ga Maris

Da safe na tsaya a bayan ƙofarta, ban shiga ba. Ƙarar katifa, ƙarar birki, shiru. Sai ga ta ta buɗe ƙofa ta kusa take mini ƙafa. "Ina kwana, Baba. Gadi kake?"

Litinin, 24 ga Maris

An ƙara mini nauyi! Wasu 'yan faifai ƙanana kamar murfin gwangwani, ɗaya a kowane gefe. Da a watan jiya ne da na raina su. Yau na karɓe su da hannu biyu.

Auta ta ɗauke ni a wayarta daga gefe, ta nuna mini. Ni da nake riƙe wa mutane madubi su ga ƙeyarsu, ban taɓa ganin bayana ba. Ga wani tsoho mai sanƙo, a sunkuye, baya shimfiɗe kamar tebur, za ka iya ajiye kofin shayi a kai. Sandar na tafiya cibiya tana dawowa, na goma kamar na farko. Na kalla sau uku. Na ce wannan ni ne? Ta ce, "Gwiwar hannunka ta dama tana ɗan buɗewa. Amma ba laifi."

Ba laifi. Na yini ina jin daɗin kalmar nan kamar yaron da aka ba alewa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ban ce na yarda ba. Ba wanda ya sake tambayata ma. Uwarta ta sayo labule da tukwane biyu, yayarta ta kawo akwati. Ana ta shiri a gabana kamar ni hoton bango ne.

Na kai ƙara wurin Dogo. Yana wasa reza, bai ɗago ba. Ya ce, "Kai dai faɗi gaskiya, ita ce ba za ta iya ba ko kai?" Na ce ya kula da rezarsa.

Da yamma na ɗauki kekenta na duba tayoyin, na ɗaure birkin hagu da ya yi sako-sako, na sa mai. Wannan ba yarda ba ce. Gyara ne.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun kai ta. Ɗakin ba laifi, ƙofofi masu faɗi, taga na kallon wata bishiya. Ƙawar tata mai surutu ce, amma tana da hankali. Na sauke katakon jera kwanuka ƙasa daidai hannun Auta. Kwalin littattafanta ni na shigo da shi, ƙugu baya, ciki a ɗaure, tana daga ciki tana cewa, "Haka, Baba. Koci za ta ji labari."

A hanyar dawowa uwarta ta yi ta kuka. Ni iskar taga ce ta dame ni a ido.

Litinin, 14 ga Afrilu

Gidan ya yi faɗi. Na tashi da wuri ban san me zan yi da hannuwana ba.

Na je. Koci ta ce ta zaci ba za su ƙara ganina ba. Na ce likita ne ya ce. Ta ce haka ne, likita ne. Bencin Auta wani saurayi ne a kai, sabon zuwa, ko riƙe kansa bai iya ba tukuna. Mahaifiyarsa na tsaye a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa ta ƙi tafiya.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Kilo talatin, goma cif, zagaye uku a jere. Wanda ya gagare ni ranar da aka zaɓar mini nauyi. Ba wanda ya tafa. Na aika wa Auta saƙo, ta amsa da kalma ɗaya: gwiwar hannu?

Asabar, 3 ga Mayu

Ina tsakiyar aski, rabin kan mutum a aske, waya ta yi ƙara. Auta. Ba ta saba kira da rana ba.

Tana dariya tun kafin ta gaishe ni. Wai da safe ta miƙa za ta ɗauko tukunya, ta manta ba ta danne birki ba, keken ya gudu ya bar ta. Ta zube a kicin, murfin tukunya a cinya, shinkafa ko'ina. Ƙawar tata ta tafi kasuwa. Ita kaɗai a gidan.

Ban san lokacin da na ajiye injin ba. Makullin mota na hannuna, har na kai bakin ƙofar shago. Dogo ya tsayar da nasa askin yana kallona. Mai rabin kai ma yana kallona ta madubi.

Na ce kin ji ciwo? Ta ce gwiwar hannu ta ɗan kurje. Na ce yanzu kina ina? Ta ce, "A kekena mana. Sau biyu na gwada, keken ne ya yi ta zamewa a kan tayil, sai da na tokare shi da firji."

Na san abin da take jira: ta ji ko zan ce ga ni nan tafe. Maganar na nan a bakina, a shirye, har na ja numfashin faɗinta. Tafiyar rabin yini ce kawai, da na isa kafin duhu.

Na ce, to shinkafar fa, an tsince ko an yi asara?

Ta fashe da wata irin dariya, har da shessheƙa a ciki. Ta ce an tsince rabi. Na ce ta sayi tabarmar roba ta shimfiɗa a kicin ɗin, irin ta wurin Koci. Ta ce to, Baba. Mun ɗan yi hirar aikinta, wai shugabarta ta yaba da wani bangon littafi da ta tsara. Ta ce in gaida Mama.

Na koma na ƙarasa wa mutumin askinsa. Sai da na zo wanke hannu na ga makullin a aljihuna, ban tuna lokacin da na mayar da shi ba.

Ban faɗa wa uwarta zancen faɗuwar ba tukuna, sai ta ci abinci.

Jibi Litinin. Koci ta ce wataƙila a ƙara mini ƙananan faifan nan, in na goman ya yi kyau.